Ba Olsa Ba Ce: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'i Da Manyan Makarantun Jihar Kaduna

Ranku ya daɗe, shugabannin jami'o'i, da na kwalejojin kimiyya da fasaha, da na kwalejojin ilimi da ke faɗin Jihar Kaduna, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar 'ya'yan mutane.

Ni nas ce da ta ajiye aiki. A cikin shekarun da na yi ina sa farin kaya, 11 na yi su ne a asibitin cikin wata babbar makaranta a jihar nan. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma abin da zan faɗa bai tsaya kanta ita kaɗai ba. Akwai wani ciwo da muka daɗe muna rubuta masa sunan da ba nasa ba a katin ɗalibai mata, mu da likitocinmu, wani lokaci da saninmu, wani lokaci ba da saninmu ba. Shi na zo in yi muku bayani, wato ciwon da duka da cin zarafi ke bar wa ɗalibai mata.

Bari in fara da yarinyar da ta buɗe mini ido. Tana aji biyu. Ranar farko ta zo ta ce, "Sista, olsata ce ta tashi." Muka ba ta farin maganin nan na sha, ta tafi. Bayan mako biyu ta dawo da ciwon kai, muka ba ta farasitamol. Ta sake dawowa jiki babu ƙarfi, aka ɗebi jini aka yi gwajin maleriya da taifot, aka haɗa mata magani. Kafin zangon ya ƙare ta zo sau bakwai, fayil ɗinta ya yi kauri, har wata abokiyar aikina ta fara ce mata mai rakin tsiya. Wani dare ina bakin aiki ƙawayenta suka kawo ta a riƙe, wai ta faɗi a hostal. Na ɗaga hannun hijabinta zan nemi jijiya in sa mata ƙarin ruwa, sai ga shatin yatsu huɗu a damtsenta, sun yi baƙi, ga babban yatsa a ɗaya gefen. Na ce, "'Yata, me ya same ki a nan?" Ta ce ƙofa ce ta buge ta. Na yi shiru na ci gaba da aikina, amma na san ƙofa ba ta da yatsu. Sai wajen ƙarfe uku, da ƙawayen suka yi barci a kan benci, ta ce, "Mama, in na faɗa miki ba za ki gaya wa Babanmu ba?"

Wanda zai aure ta ne. An riga an kai kuɗin gaisuwa, iyaye sun san juna. Shi yake biya mata kuɗin makaranta, shi ya sai mata wayar da yake karɓa yana bincikewa duk ranar da ya zo zance. In ya ga lambar namiji, ko da ɗan ajinsu ne ya turo takardar darasi, sai ya rufe gilashin mota ya fara. Wata takwas ana haka. Sau bakwai ta zo gabanmu, ba wanda ya yi mata tambaya ɗaya da ta wuce "ina ke miki ciwo?"

Ba ita kaɗai ba ce, ranku ya daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata a rayuwarta, kuma yawanci daga hannun miji ko saurayi. A rahotonta na 2021 ta nuna cewa abin da wuri yake farawa: kusan 1 cikin 4 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da suka taɓa yin aure ko soyayya, ya riga ya same su. A gida kuma, binciken ƙidaya da lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu tun daga shekara 15, kashi 9 an ci zarafinsu ta lalata, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Ku ɗauki wannan ku auna da yawan 'yan matan da ke cika ɗakunan lakca a Samaru da Kongo, da Tudun Wada, da titin Tafawa Balewa, da Kafanchan da Gidan Waya. Katangar makaranta ba ta tace wannan ciwo. Da shi suke shigowa, wasu kuma a ciki suke gamuwa da shi.

To me yake yi wa jiki? A nan zan ɗan daɗe, don shi ne fannina.

Mutanenmu sun raina mari. "Ai mari ɗaya ne kawai." Tafin hannun namiji in ya sauka daidai kan kunne, iskar da yake turawa ciki tana iya fasa dodon kunne. Yarinya ta wayi gari kunne yana ƙara, ji ya ragu, wani lokaci har ruwa yana fita. Ta koma zama a layin gaba a aji, ba don ƙwazo ba, don ba ta jin malami daga baya. Wadda aka buga kanta da bango ko da ƙofar mota ba lalle ta suma ba, amma ƙwaƙwalwa ta girgiza. Makonni tana fama da jiri, da ciwon kai, da mantuwa, haske yana damun idonta, ta karanta shafi ɗaya sau huɗu bai zauna ba. In aka sake bugun kan kafin na farko ya warke, illar ta fi tsanani. Wannan ɗalibar ita ce za ta zauna jarrabawa, ta fito da kari-oba uku, a ce ta lalace da wasa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne shaƙewa. Ina roƙon duk wani likita ko nas da ke aiki a ƙarƙashinku ya san wannan kamar sunansa. In aka matse wuyan mutum jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi yake sumewa. Sau da yawa ba a ganin komai a fata. Abin da za ki gani shi ne murya ta dishe, haɗiyar yawu tana wahala, farin ido ya yi ɗigo-ɗigon ja, wani lokaci ta ce miki fitsari ya kufce mata ba ta sani ba. Maƙogwaro yana iya kumbura bayan sa'o'i, ya toshe numfashi tana kwance a ɗaki. Jijiyar da ke kai jini kai tana iya tsagewa ta ciki, bayan kwanaki a ji yarinya 'yar shekara 21 ta samu shanyewar ɓarin jiki, kowa ya yi ta mamaki. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2008 ya nuna macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka fiye da sau 7. Wato ranar da ɗaliba ta ce "ya shaƙe ni," ba maganin tari take buƙata ba. Ranar ce ya kamata a zauna da ita a yi shawarar inda za ta kwana.

Ita kuwa olsar da na fara da ita, ba ƙarya yarinyar take yi ba. Cikin nata da gaske yake ciwo. Jikin da ke zaune cikin fargaba dare da rana ba ya hutawa. Zuciya tana bugu, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, in ya shiga ba ya zama, tsokar wuya da ta baya su ɗaure, al'ada ta rikice. Ciwon na gaske ne, tushensa ne ba a cikin tumbi yake ba. Mu kuma muna ta zuba magani a kan rassa.

Sai maganar da ba a son ji, wato fyaɗe. Ku yi haƙuri in faɗe ta yadda take, don a nan ne jinkiri yake kashe mutum. Daga lokacin da abin ya faru, agogo ya fara juyawa. Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau, ana shan sa kwana 28, amma dole a fara cikin awa 72, kuma kowace awa da ta wuce amfaninsa raguwa yake yi. Akwai ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, wadda ake iya sha har zuwa kwana 5. Ba zubar da ciki take yi ba, hana ƙwai fita take yi, kuma na faɗi haka ne don na sha jin ma'aikatan lafiya suna ƙin bayar da ita bisa rashin sani. Akwai rigakafin ciwon hanta, da magungunan ciwon sanyi, da allurar tetanus in akwai rauni.

Yanzu ku lissafa tare da ni. Abin ya faru daren Juma'a a wani ɗaki a wajen makaranta. Ta dawo hostal ba ta gaya wa kowa ba. Kafin asuba ta yi wanka sau uku, ta wanke kayan ko ta ƙone su, don tana son ta tsaya gaban Ubangijinta da tsarki, kuma wa zai ga laifinta? Asabar ta wuni a kwance ta ce mara ke ciwo. Lahadi da dare ta gaya wa ƙawarta. Ƙawar ta ce a je asibiti, ita ta ce gara ta mutu. Litinin aka lallashe ta, suka zo suka tarar da layi, mai ba da kati ɗan unguwarsu ne, suka juya. Ta shigo wurina ranar Laraba. Awa 72 sun wuce tun daren Litinin. Ba abin da ya fi ciwo a aikina kamar in kalli yarinya in san da ta zo shekaranjiya da akwai abin da za a ba ta. Kuma ko da ta zo a kan lokaci, a inda na yi aiki babu maganin a kabad ɗinmu. Takarda za mu rubuta mata ta tafi wani asibiti, ta sake cire kati, ta sake ba wani baƙo labarin daga farko.

Abin da ke biyo baya yana ɗaukar shekaru. Ciwon sanyin da ba a yi maganinsa ba, musamman irin wanda ba ya nuna alama, yana hawa sama ya kama mahaifa da hanyoyin ƙwai, ya bar tabo ya toshe su. Bayan shekara shida ta yi aure, shiru babu haihuwa, dangin miji su fara kiran ta juya, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa ya fashe a kwasa ta zuwa tiyata. Ba mai haɗa wannan da wancan daren na aji ɗaya. In kuwa ciki ya shiga, ku da ni mun san inda ake zuwa. Wani kemis ne a lungu, ko wani ɗaki da ba ya da suna. Na karɓi 'yan mata da jini ya jiƙa zani har ƙafa, jiki zafi rau, suna rantsuwa cewa al'ada ce. Ɗaya ba ta kai safe ba. Iyayenta suka zo daga wata jiha suka ɗauki gawa, aka ce musu zazzaɓi ne, mu ma muka bar shi a haka. Allah ya jiƙanta, ya yafe mana.

Kada ku manta da matan aure. Suna da yawa a makarantunku, wasu da goyo, wasu da ciki. Akwai mijin da ya yarda da karatun a gaban iyaye, ya dawo yana huce haushinsa a ɗaki. An yi lakcar yamma ta makara a hanya, go-sulo ya riƙe ta a Kawo ko a gadar Kaduna, ta iso bayan magariba, shi ke nan. Duka a kan ciki yana jawo ɓari, da haihuwa kafin lokaci, da jariri maras nauyi, da rabuwar mabiyiya da mahaifa wadda ke iya tafiya da uwa da ɗa. Waɗannan su ne suka fi kowa iya ɓoyewa, don tun ranar kai amarya aka ce musu yi na yi, bari na bari, kuma haƙuri maganin zaman duniya.

Ciwon da ba a gani a hoton asibiti ya fi duk waɗannan daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2013 cewa matan da abokan zamansu suka ci zarafinsu sun kusa ninka sauran mata wajen kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani. Na ga yadda yake. Yarinya mai surutu ta koma kurma, ba wanka, ba kitso, ta daina zuwa aji. Wata kuma abin dawo mata yake yi kamar yanzu ake yinsa. Ta ji ƙanshin wani turare a cikin Keke, ko an taɓa kafaɗarta ta baya a layin abinci, sai ta ƙwalla ƙara ta zube tana shure-shure. Nan take 'yan ɗaki su ce aljanunta sun tashi, a kawo habbatus sauda, a kira masu ruƙiyya, in Kirista ce a kira 'yan addu'a. Ni Musulma ce, ban raina addu'a ba, ni ma na sha yi musu tofi. Amma na sha ganin an yi wa yarinya ruƙiyya wata uku, aljanin nata kuwa yana nan da rai, yana da ofis, yana da lambar mota. Daga rashin barci ake fara neman ƙwayar barci a kemis, daga nan a zarce tiramadol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018 amma bai ɓace ba. Sai mu ce 'yan matan jami'a sun lalace da shaye-shaye, ba mu tambayi me suke son mantawa ba. Wasu har sun yi yunƙurin halaka kansu. Waɗanda aka kawo mini da rai, babu ɗaya da ta ce mini mutuwa take so. Duk cewa suke yi sun gaji.

Na ambaci mai ofis, bari in ƙarasa. Tun da BBC ta fitar da binciken nan na malamai masu neman lalata da ɗalibai don maki a Oktoban 2019, makarantu da yawa sun rubuta dokoki, sun kafa kwamitoci, wasu sun kori malamai. Madalla. Amma kwamiti laifi yake bincike, ba ya duba lafiya. Yarinyar da malamin da ke duba furojet ɗinta ya ce sai ta same shi a otal, ko da bai taɓa ta ba, wata shida take yi ba ta barci, tana rama, tana amai duk ranar da za ta je ofishinsa. Haka wadda tsohon saurayi ya riƙe hotunanta yana cewa zai watsa a WhatsApp ko TikTok in ba ta zo ba. Babu tabo ko ɗaya a jikinta, amma na ga irinta da hannu yana karkarwa ba ta iya riƙe biro. Ba maza kaɗai ba ne kuma, a faɗi gaskiya: akwai 'yan ɗaki da ke haɗe wa yarinya ɗaya kai su yi mata dukan kawo wuƙa a kan saurayi ko zargin sata, wata ta ɗauka a waya.

Me ya hana su zuwa da wuri? Ku shiga asibitin makarantarku wata safiya ba tare da rakiya ba, za ku gani. Inda na yi aiki, labule ne tsakanin mai ganin likita da masu jira, duk abin da aka faɗa ana ji a benci. Mai cire kati yana tambayar "me ke damunki?" da ƙarfi a gaban maza. In ta yi ƙarfin hali ta faɗa, sai a ce sai ta fara zuwa ofishin tsaro ta rubuta bayani. A can tambayar farko ita ce me ya fitar da ita da dare, ta biyu wane kaya ta sa, ta uku me ya kai ta ɗakinsa. Wani ya ce ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wani ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ƙarshenta ita za a tuhuma da karya dokar hostal, a kira mahaifinta. Ita kuwa ta san abin da kiran nan yake nufi: an gama karatu, a tattara kaya, ƙila a ɗaura mata aure da wanda ya samu, ƙannenta mata ma su rasa zuwa jami'a saboda ita. Da hankalinta ta zaɓi shiru. In ni ce a matsayinta, da wuya in yi dabam.

Ban ce ba a yi komai a jihar nan ba. Gwamnatin tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015, wadda ta ɗauki tsoratarwa da bibiya da azabtar da zuciya a matsayin laifi, ba duka kaɗai ba, Kaduna kuma ta yi tata a 2018. A watan Satumban 2020 Gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu kan gyaran dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe, da dandaƙa da ɗaurin rai da rai in ta haura haka. A ganina tsananin hukuncin ya zo da wani abu da ba a yi tsammani ba: in mai laifin ɗan uwa ne ko ɗan maƙwabta, matsin lambar a rufa asiri ƙaruwa yake yi. Abin da ya fi amfanar yarinya a daren farko shi ne cibiyoyin Salama, da ke asibitin Gwamna Awan a Kakuri, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da na Gambo Sawaba a Zariya, da na Patrick Yakowa a Kafanchan. A can ana duba mutum kyauta, a ba da magani, a yi nasiha, a taimaka da shari'a in ana so. Ga asibitin koyarwa na Barau Dikko a tsakiyar gari, ga na Shika, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Kayan aiki suna nan. Amma ku tare ɗalibai mata goma a bakin get ku tambaye su ina Salama take. Kuma ku tuna nisan da ke tsakanin Samaru da Ƙofar Gayan, inda asibitin Gambo Sawaba yake, ga yarinyar da ko tafiya da ƙyar take yi, ba ta da kuɗin mota, ga dare.

Don haka ga roƙona, kuma babu wanda ya fi ƙarfin aljihun makarantarku, tunda kowace ɗaliba tana biyan kuɗin asibiti cikin kuɗin rajista.

Ku mayar da asibitin makaranta ƙofar farko, ba ofishin tsaro ba. Ɗaki ɗaya ake buƙata, mai ƙofa da ake rufewa, da nas mace dare da rana, har Asabar da Lahadi, don a ƙarshen mako abin ya fi faruwa. A ajiye kason farko na maganin kariya daga ƙanjamau da ƙwayar gaggawa a cikin kabad ɗin ɗakin, ba a sito ba inda mai makulli ya tafi gida ƙarfe huɗu. A ba ta ta sha a nan take, sannan motar asibiti ta kai ta Salama tare da nas, kada a miƙa mata takarda a ce ta nemi hanya. A rubuta a manna a bango, da sa hannunku, cewa ba a neman takardar 'yan sanda kafin a duba ta, ba za a kira iyaye ko shugaban sashe ba sai da yardarta, in ba ranta ne ke cikin haɗari ba, kuma wadda ta kawo kukan cin zarafi ba za a hukunta ta kan dokar sutura ko ta fitar dare ba. Wannan na ƙarshen shi ne zai fi yi muku nauyi, na sani, za a ce kun buɗe ƙofar lalacewa. Ni dai na ga abin da rufe ƙofar ya haifar, na wanke shi da hannuna.

Ku tura ma'aikatan asibitin horo, har da mai cire kati da mai shara da direba, don sirri ta bakinsu ya fi fita. Abin da ake koyarwa ba shi da wuya: ka saurara ba tare da katse ta ba, ka tambayi abin da take buƙata, ka ce mata ka yarda da ita kuma ba laifinta ba ne, ku duba ko akwai haɗari in ta koma inda ta fito, ka haɗa ta da masu taimako. Duk ɗalibar da ta zo sau uku a zango ɗaya da ciwon da gwaji bai nuna komai ba, a keɓe da ita a tambaye ta a hankali, "Akwai wanda kike jin tsoro?" Da an koya mini wannan tambaya tun farkon aikina, da yarinyar nan mai olsa ba ta kai zuwa na bakwai ba.

Ku nemi asibitin Barnawa ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa su riƙa turo ma'aikaci cikin makaranta ko da sau ɗaya a mako, a ɗakin da ba a rubuta komai a ƙofarsa ba. Ambaton Barnawa kaɗai yana sa yarinya ta ce ita ba mahaukaciya ba ce ta gudu. Tun Janairun 2023 ƙasar nan ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ya kamata a ga alamarta a makarantu. Sannan majalisun makarantunku su buɗe hanyar da takardar likita za ta isa a ɗage wa ɗaliba jarrabawa, ko a sauya mata mai duba furojet, ko ɗaki, ba tare da ta tsaya gaban mutum goma sha biyu tana kwance zaninta ba. A makon karɓar sababbin ɗalibai, maimakon a ƙare da tsawon siket, a ba nas minti 20 ta faɗi maganar awa 72, a gaban maza da mata, ta kuma faɗa musu cewa ko an yi wanka, ko kwanaki sun wuce, a zo, akwai sauran abin da za a yi. Limaman masallatan makaranta da fastocin majami'u su ji wannan bayani su ma, don sau da yawa su ake fara kai wa kuka.

Abu na ƙarshe, ku ƙirga. A rajistarmu akwai layin maleriya, akwai na taifot, akwai na haɗarin mota, babu na duka ko fyaɗe. Shi ya sa in aka tambayi shugaba sai ya ce da zuciya ɗaya, "Mu ba mu da wannan matsalar a nan." A buɗe layin, ba suna, ba lambar ɗaliba, adadi kawai, a kawo muku teburinku duk ƙarshen zango. Mataimakiyar Gwamna, Dakta Hadiza Balarabe, likita ce da ta riƙe hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar nan, ba sai an yi mata dogon bayani ba in kuka je da adadi a hannu kuna neman magani da horo.

Ita yarinyar mai shatin yatsu, ban gaya wa Babansu ba. Ita ta gaya wa gwaggonta da bakinta bayan mako uku, ina zaune a gefenta a wani gida a Unguwar Sanusi. Gwaggon ta yi kuka, ta yafa mayafi ta tafi wurin ɗan'uwanta. An mayar da kuɗin gaisuwa. Ta maimaita shekara ɗaya, don wancan zangon ya riga ya lalace, kuma kunnenta na hagu bai dawo daidai ba har ta gama.

Ina jiran jin wanda zai fara samar da ɗakin nan mai ƙofa a cikinku. In ana buƙatar wadda za ta zauna da sababbin ma'aikata ta nuna musu yadda ake tambayar, ina nan Tudun Wada, ƙafata ce kawai ke ɗan ciwo.

Wassalam, ku huta lafiya.

Taku,
Wata tsohuwar nas,
Tudun Wada, Kaduna.